In Giyar Kat-kat Ta Ƙi Shiga, Ko Ta Ƙi Fita

 Hirarmu ta yau a kan mota ce, motar nan mai ja da ƙafa huɗu wadda muke kira kat-kat.

Wani zai ce: ni manomi ne, ba ni da mota, ina ruwana? Dakata tukuna, malam. Mutumin Kurni ya san hanyar garinsu. Kwalta tana can, ta taso daga Takyeta, ta ratsa Matamai, ta nufi iyakar Najeriya wajen Ɗan Barto. Amma daga ƙauye kafin ka taka kwalta sai ka sha rairayi. Da damina kuma ga laka a fadama, ga ruwa a korama. Motar da za ta ɗauki mai naƙuda da tsakar dare zuwa asibitin Matamai, kat-kat ce. In ta kafe a hanya, ba direba kaɗai ya shiga uku ba. Saboda haka maganar ta shafi direba, ta shafi yaron mota, ta shafi mai mota. Ta shafi kuma ƴan kwamitin da ke tara kuɗin mai da na gyara, maza da mata.

Ga abin da muke so ku riƙe. Sau da yawa in an ce giyar kat-kat ta lalace, ba ta lalace ba. Ko an saka ta inda bai kamata ba, ko mai ya ƙare mata, ko tayoyi ba su yi daidai da juna ba. Waɗannan duka ana duba su a gindin bishiya, ba a biya ko dala. Sai an gama da su ake kwance ƙarfe.

Akwati biyu, sanda biyu

Ƙarfin mota daga inji yake fitowa. Daga inji ya bi ta kuloci, ya shiga akwatin giya. A ƙaramar mota, daga nan sai ya wuce ga tayoyi biyu kawai. A kat-kat akwai akwati na biyu manne a bayan na fari. Aikinsa raba ƙarfi: kashi ɗaya ga tayoyin baya, kashi ɗaya ga na gaba. Za mu riƙa ce masa akwatin raba ƙarfi. Daga jikinsa dogayen ƙarafa biyu suka fita, ɗaya ya yi gaba, ɗaya ya yi baya. A garejin Damagaram za ka ji ana ce wa irin wannan ƙarfe kardan. In ka tsallaka Daura za ka ji farfela. Abu ɗaya ne.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Jeep ta sojan Amurka ta yi aiki da ita a yaƙin duniya na biyu. Land Rover ta fito a Ingila a 1948. Tsofaffin direbobi ba su manta da ita ba: ƙulli mai ruwan ɗorawa da ake dannawa ƙasa, da sanda mai jan kai da ake ja baya. Toyota ta Japan ta fara tata a 1951, aka sa mata suna Land Cruiser a 1954. Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya da muke gani yau, zuriyar samfurin 70 ce, wanda ya fito a 1984. Hilux kuwa ta samu jan ƙafa huɗu a 1979.

To, ku da kuka koyi baƙaƙe, ga inda karatunku zai yi aiki. Ku leƙa kusa da kujerar direba. Akwai sanda biyu. Babbar ta giya ce. Ƙaramar ta akwatin raba ƙarfi ce. A kan ƙaramar an rubuta H2, H4, N, L4. A wata motar an juya su: 2H, 4H, 4L. Ma'anar ba ta canza ba.

Lambar tana faɗin ƙafa nawa ke ja. H2, ƙafa biyu na baya ke ja. Wannan ita ce ta kwalta da ta busasshiyar hanya mai tauri. H4, ƙafa huɗu ke ja, kuma mota tana iya gudu. Wannan ta rairayi ce da hanya mai santsi. L4, ƙafa huɗu ke ja, gudu ya ragu, ƙarfi ya ƙaru kamar ninki biyu ko ya ɗara. Wannan ta rairayi mai zurfi ce, da laka, da hawan tudu da kaya. N kuwa ba kowa: akwatin ya saki gaba, ya saki baya.

Ku lura da N da kyau. Wani lokaci yaron mota yana shara, gwiwarsa ta bugi ƙaramar sanda, ta faɗa N. Direba ya zo, ya tada inji, ya sa giya, ya saki kuloci, mota ba ta motsa ba. Sai a ce kuloci ya ƙone, a aika a kira makaniki daga Matamai. Alhali sanda ce kawai za a mayar H2. Akwai kuma haɗari a nan. Motar da ke N, ko ka bar ta cikin giya, ba abin da ke riƙe da ita sai birkin hannu. In a gangare take, tana iya tafiya ita kaɗai.

An sa H4, gaba ba ya ja

Mota ta kafe. Direba ya ja ƙaramar sanda zuwa H4. Tayoyin baya suna ta haƙa rami, na gaba suna tsaye kamar ba da su ake ba. Me ya faru?

Kada a taɓa kome tukuna. A sauka, a je ga tayar gaba, a dubi cibiyarta. A motoci da yawa akwai wani makulli a nan da ake murɗawa da hannu. An rubuta kalma biyu a jikinsa. Ɗaya FREE, mai farawa da F: taya a sake take. Ɗaya LOCK, mai farawa da L: taya a kulle take da ƙarfen da ke juya ta. In makullin yana kan FREE, akwatin raba ƙarfi yana aikinsa, kardan na gaba yana juyawa, amma ƙarfin bai kai ga taya ba. Kamar a ɗaura wa jaki igiya ne ba a ɗaura ta a amalanke ba.

Makullin biyu ne, dama da hagu. Dole duka biyu su kasance kan LOCK. In ɗaya kaɗai aka kulle, aikin banza ne, don ƙarfin zai zurare ta gefen da ke sake.

Ga yadda ake gane inda ciwon yake. A kulle duka biyu, a sa H4. Mutum ɗaya ya tsaya can gefe, nesa da mota, ya sunkuya ya hangi kardan na gaba yayin da tayoyin baya ke juyawa. Nesa muka ce. Ba a shiga ƙarƙashin motar da injinta ke aiki. In kardan na gaba ba ya juyawa, ciwon yana akwatin raba ƙarfi ko a sandarsa. In yana juyawa amma tayoyin gaba suna tsaye, akwatin lafiyarsa lau. Ciwon yana gaba: makullin cibiya ya ci, ko wani ƙarfe ya karye cikin aksil. Wannan bambanci kaɗai yana hana a kwance akwatin da ba shi da laifi.

Makullin cibiya ba ya son zaman banza. In ya yi watanni ba a murɗa shi ba, giris ya bushe, ƙura ta shiga, ranar da ake bukata sai ya ƙi. Littafin da Toyota ke bayarwa tare da motar ya ce a kulle su a yi tafiyar kilomita 16 kowane wata, don mai ya zaga kayan gaba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun rani ake gwada wannan, ba ranar da ruwan farko ya sauka ba.

Kuma a kulle tun kafin a shiga rairayi. Direban kirki yana barin kwalta sai ya tsaya, ya sauka, ya murɗa makullansa. Minti biyu ne.

Sanda ta ƙi shiga

In ƙaramar sanda ta yi ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, ko ta ƙi shiga, a fara tambayar yadda aka saka ta.

Daga H2 zuwa H4, in makullan cibiya suna kan LOCK, ana iya sakawa mota tana tafiya a hankali, sitiyari a miƙe, ƙafa a ɗage daga totur. In suna kan FREE, sai an tsaya cak. Ba a kuma sakawa lokacin da tayoyin baya ke walwala cikin rairayi. Baya yana gudu, gaba yana tsaye, ka ce haƙoransu su haɗu? Haƙori ne zai karye.

Daga H4 zuwa L4, a tsayar da mota, a taka kuloci har ƙasa, sa'an nan a ja sanda da hannu ɗaya, ba tsayawa a tsakiya. In motar mai canza giya da kanta ce, a sa babbar sanda a N tukuna. In haƙora sun yi karo da juna sanda ta ƙi wucewa, a bar mota ta gusa taki ɗaya, a sake gwadawa. Kada a sa ƙafa, kada a zura bututu a kan sanda don ƙarin ƙarfi. A cikin akwatin akwai wani ƙarfe mai kama da cokali mai yatsu, shi ke tura haƙora. In ya lanƙwashe, an sayi aiki.

Sanda ta ƙi fita

Wannan ita ce ta fi damun direbobin da ke haɗa rairayi da kwalta a tafiya ɗaya, saboda haka bari mu daɗe a kanta.

An fito daga ƙauye cikin H4. An hau kwalta, an manta. An yi tafiya, an sha kwana biyu ko uku. Sitiyari ya yi nauyi. Tayoyi suna kuka a kwana, mota tana tsalle-tsalle kamar doki mai gardama. Direba ya tuna, ya kama ƙaramar sanda, ta ƙi motsi kamar an yi mata walda.

Don ku gane dalili, ku yi wannan gwaji da idonku. Duk ranar da mota ta juya a filin kasuwa, ku je ku dubi sawunta a kan ƙasa. Za ku ga sawu huɗu, ba biyu ba. Tayoyin gaba sun yi babban zagaye. Na baya sun yanke, sun bi ta ciki. Ashe a kowace kwana gaba ya fi baya tafiya mai nisa.

Tsakanin tayar dama da ta hagu ba matsala. A tsakiyar kowane aksil akwai wani ƙullutun ƙarfe mai kamar tulu. Haƙoran da ke cikinsa suna barin taya ɗaya ta fi ɗaya gudu. Amma tsakanin gaba da baya, a Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya da Hilux, babu irin wannan tulu. In ka sa H4 ko L4, an ɗaure gaba da baya tamau, dole su juya daidai. A kan rairayi ba kome, don taya tana ɗan zamewa ta huce. A kan kwalta taya ba ta zamewa. To, ina bambancin zai tafi? Sai ya taru cikin ƙarafa. Suna murɗewa kamar igiyar da ake tufka, ana ƙara mata murɗi ba a saki ba. Haƙoran akwatin suna cije juna, shi ya sa sanda ta ƙi fita. In aka ci gaba, wani abu zai ba da kai: ko mahaɗin kardan, ko ƙarfen aksil, ko akwatin kansa.

Maganin ba wuya. A tsaya. A sa giyar baya, a koma da baya a miƙe kamar taki goma ko ashirin, hannu yana ɗan tura ƙaramar sanda. Sau da yawa za ta fita da kanta. In ta ƙi, a sauka daga kwalta, a sa tayoyin gefe ɗaya a kan rairayi, a yi gaba a yi baya. In duk ta ƙi, a tokare sauran tayoyi da dutse ko kututture, a ɗaga tayar gaba ɗaya da jak. Kowa ya janye hannunsa. Tana barin ƙasa za ta fizge ta juya, murɗin ya saki. Bayan nan sanda za ta fita da yatsa biyu.

Ka'idar ke nan: an taka kwalta, a koma H2. Makullan cibiya kuwa, in za a sake shiga rairayi nan gaba kaɗan, ana iya barin su kan LOCK. In tafiyar Damagaram ce, a mayar da su FREE, don a rage shan mai da cin ƙarfe.

Tayar da ba ta yi daidai da ƴan'uwanta ba

Ga wani abu da mutane ba su cika zargi ba. Mota tana tafiya a miƙe, ba kwana, amma sanda tana cijewa. A dubi tayoyi.

Mun san halin da ake ciki. Taya tana da tsada. Ana sayen ɗaya yau, ɗaya bayan kaka, wata sabuwa, wata ta hannu. Amma bari mu yi lissafi tare. A jikin tayar Land Cruiser za ku ga an rubuta lamba, misali 7.50 R16. Irin wannan taya, in ta juya sau ɗaya, ta ci kamar mita 2 da rabi. Cikin kilomita 1 za ta juya kamar sau 400. To, a ce tayoyin baya sun sude, tsayinsu ya ragu da santimita 1 kawai. Juyinsu ɗaya ya ragu da kamar santimita 3. Cikin kilomita 1 suna bukatar ƙarin juyi kusan 5 kafin su cim ma na gaba. Amma an ɗaure su tare. Wannan juyi 5, a kowane kilomita, cikin ƙarafa yake taruwa.

Gwajin da igiya ake yi. A zagaya tsakiyar taya da igiya, a ƙulla alama. A kai igiyar ga sauran ukun. In bambanci ya kai faɗin yatsa biyu, a gyara jerin. Lambar jikin tayoyi huɗu ta zama ɗaya. Iska ma ta zama yadda littafin motar ya faɗa, don taya mai ƙarancin iska gajeruwa ce. In an rage iska don a ratsa rairayi, dabara ce mai kyau, amma a rage wa duka huɗu, a kuma mayar kafin a yi gudu a kwalta.

Mai

Akwatin raba ƙarfi yana da mansa dabam. Ba ya sha daga inji. Ana juye man inji a kai a kai, shi kuwa wannan a manta da shi shekara da shekaru, don ba shi da sandar awo da ake zarowa a gani.

A jikinsa akwai noti biyu. Na ƙasa na zubarwa ne. Na sama, a gefe, na zubawa ne. A tsayar da mota wuri mai daidai, a kashe inji, a bari ya huce. A kwance na sama, a zura ɗan yatsa. Mai ya kamata ya kai bakin ramin. In yatsa ya fito a bushe, an gano mai ƙara. Kullum na sama ake fara kwancewa. Wanda ya fara zubar da mai, sa'an nan na sama ya ƙi kwantuwa, ya bar mota ba mai, ba kuma hanyar zubawa.

A dubi man a tafin hannu. In ya yi fari-fari kamar kunu, ruwa ya shiga. Haka kan faru bayan an ratsa korama da damina: akwati da zafi, ya shiga ruwan sanyi, ya zuƙo ruwa ta hancin da yake numfashi. A juye shi ranar nan. In ya yi baƙi yana warin ƙuna, ya tsufa ko ya sha zafi. In ana ganin ɗan ƙyalli kamar gari, ƙarfe ne ke cin ƙarfe sannu a hankali. In kuwa an ga gutsattsari da ake ji a yatsa, kamar tsakin gero, kada motar ta sake ɗaukar kaya sai makaniki ya gani.

Wane mai? A Land Cruiser da tsofaffin Hilux man giya ne mai kauri. A jikin galan za ku karanta 75W-90 ko 80W-90. Wasu motocin suna da sarƙa cikin akwatin, kuma waɗansunsu jan mai marar kauri suke sha. Kada a yi ƙiyasi, a duba littafin motar. Yawanci ana juyewa bayan kilomita 40,000. Mu da ke cikin ƙura da zafi, gara a gaggauta da a jinkirta. Man da ake aunawa a kwalba a bakin hanya, wanda ba a san asalinsa ba, ba na wannan akwati ba ne.

Tsofaffin Land Cruiser suna da wata ɗabi'a da ya kamata ku sani. Tsakanin akwatin giya da akwatin raba ƙarfi akwai roba mai tare mai. In ta mutu, mai yana ƙaura daga akwatin raba ƙarfi zuwa akwatin giya. A ƙasa ba ka ganin ɗigo ko ɗaya, ka ce lafiya. Alhali ɗaya ya bushe, ɗaya ya cika ya yi yawa. Alamarsa: ka kwance notin sama na akwatin giya, mai ya kwararo. In ka ga haka, maza ka duba ɗan'uwansa. A Land Rover kuwa birkin hannu yana bayan akwatin raba ƙarfi, saboda haka in roba ta bayan ta yi yoyo, birkin hannu ne ke fara daina kamawa.

In babbar sanda ce ke gardama

Wani lokaci ƙaramar sanda ba ta da laifi, giyar kanta ce ba ta shiga. Ga gwaji mai sauƙi. A kashe inji, a taka kuloci, a zaga giya duka. Sun shiga lafiya? A tada inji, a sake. In yanzu sun ƙi, musamman ta ɗaya da ta baya, kuloci ne bai saki ba. A buɗe gaban mota, a dubi ɗan kofin man kuloci. Man birki ake zuba masa, irin wanda aka rubuta a murfinsa. In ya yi ƙasa, akwai yoyo, a nemi inda yake. In ƙafa tana nutsewa ba nauyi, iska ta shiga, sai an fitar. Wannan ƙaramin aiki ne.

In giya ɗaya tak ke ƙara, misali ta biyu, sauran suna shiga lafiya, wani zoben tagulla ne ya sude a ciki. Mota za ta kai ka gida in kana canzawa a hankali. In kuwa sanda tana tsalle ta fita da kanta, babba ko ƙarama, a fara duba robobin da inji da akwati ke zaune a kai. In sun yage, akwatin yana rawa, sanda tana bugun jikin mota ta fita. Sai an tabbata ba su ba ne ake zargin haƙora. Direban da ke ɗaure sanda da roba don kada ta fita, yana ɓoye ciwo ne, ciwon kuwa yana girma.

Kunne ma makaniki ne. Ƙara "kwas" lokacin tashi ko lokacin ɗaga ƙafa daga totur, a kashe inji, a tokare tayoyi, a kama kardan a girgiza. In yana wasa, mahaɗinsa ne, kuma giris yake so tun da wuri. Kuka mai ƙaruwa da gudu, ko mai ya yi ƙasa ko boris ya ci. Kukan da ke zuwa cikin H4 kaɗai, ya ɓace cikin H2, kayan gaba ne.

Sababbin motoci

Hilux da ta fito daga 2015 ba ta da ƙaramar sanda. Wani maɓalli ake murɗawa, ƙaramin injin lantarki ya yi aikin hannu. In ta shiga, fitila tana kamawa a gaban direba ta tsaya. In fitilar tana ƙiftawa, ba ta gama shiga ba. A miƙe sitiyari, a ɗan yi gaba ko baya. In ta ci gaba da ƙiftawa, a duba fis, a duba wayoyin da ke ƙarƙashi, don kututturen gona da ruwa suna cin su. Sauran dokokin duk suna nan: kwalta, H2.

Akwai kuma motocin da ƙafa huɗu ke ja kullum, irin su Prado da Land Rover Defender. Su suna da tulu na uku cikin akwatin raba ƙarfi, shi ya sa kwalta ba ta dame su ba. Amma suna da makullin wannan tulu, na shiga laka da rairayi. In aka kulle aka manta aka hau kwalta, murɗin nan da muka faɗa zai dawo. Ƙananan irin su RAV4 ba su da L4 sam. Ba a yi su don rairayi mai zurfi da buhunan gero ba, ko da mai sayarwa ya ce kat-kat ce.

In ta mutu a daji

Motar da ƙafa huɗu ke ja kullum, ba a ɗaga ƙafa biyu a ja ta a kan biyu. Akwatin zai ƙone. Ko a ɗora ta kan babbar mota, ko a kwance kardan na tayoyin da ke ƙasa.

In kardan na baya ya karye a Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya, ba a kwana a daji. A kwance shi gaba ɗaya, a ajiye notinansa, a murɗa makullan cibiya zuwa LOCK, a sa H4. Tayoyin gaba za su ja motar. A tafi a hankali, a rage kaya. Amma a duba tukuna: a wasu motoci kan kardan zurawa yake cikin akwatin, in an zare shi mai zai zube. Irin waɗannan sai an toshe bakin.

In kun isa gareji, kada ku ce wa makaniki "giya ta lalace" kawai. Ku da kuka iya rubutu, ku rubuta masa a takarda: wace sanda ce, babba ko ƙarama, a wane harafi take yi, H2, H4 ko L4, da sanyin safiya take yi ko in ta ɗau zafi, a kwalta ko a rairayi, yaushe aka juye mai, kilomita nawa ne a agogo ranar nan. In ya ce sai an kwance akwati, ku roƙe shi ya zubar da man a gabanku cikin kwano mai tsabta, ku gani tare. In an canza wani ƙarfe, a ba ku tsohon ku kai wa mai mota ko kwamiti. Takardar kuma a ajiye ta cikin motar, a rubuta kwanan wata da lambar agogo a ƙasa.